Ƙarar da Baba Ya Ji a Kan Gada

Shekarar da Baba ya zo Dubai neman maganin ido, ina aiki a wani ofishin kago, masu tura kaya gida, a Port Saeed, ina da wata tsohuwar mota 'yar Jamus da na saya hannu na biyu. Ina ji da motar nan, har goge ta nake yi da gefen mayafina in ba mai kallo. Amma abin da take sha ban taɓa damuwa da shi ba. A gida fetur fetur ne, in ka samu ka gode wa Allah. A nan kuwa kana tsayawa a gidan mai sai a tambaye ka wane iri: casa'in da ɗaya, casa'in da biyar, ko casa'in da takwas? Wani abokin aikina Bakano ya ce mini duk dabarar 'yan kasuwa ce, in sha na ƙasan kawai. Na riƙe maganarsa kamar karatu.

Baba ya yi shekara talatin yana jan mota tsakanin Kano da Ikko, ya fara da ƙarama ya ƙare da gingimari. Mutum ne mai surutu da tsokana, sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. Likita ya duba ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma lallaɓa shi za a yi. Daga ranar Baba ya yi shiru. Zai zauna a falona na Al Rigga, ya fuskanci tagar da ba ya ganin komai ta cikinta, abinci ya huce a gabansa. In na ce mu fita, sai ya ce, "Me zan gani?" Ba makantar ce ta fi tsorata ni ba, shirun ne. Na ga mahaifina yana naɗe kansa tun da ransa.

Asibiti kaɗai ke fitar da shi. Wata ranar Talata da azahar, zafi kamar ya dafa mutum, muna dawowa, na hau gadar da ke haye ruwa zuwa Deira, na taka totur. Sai Baba ya ce, "Kashe rediyon nan."

Na kashe.

"Uwata, me kike ba motar nan?"

"Fetur mana, Baba."

"Ban ce kunu ba. Wane iri?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ki jin tana ƙas-ƙas-ƙas in kin taka? Kamar tsakuwa a gwangwani. Man yana kamawa tun lokacinsa bai yi ba. Ya yi mata rauni."

Ni ban ji komai ba sai ƙugin esi. Kuma ina da baki, ban iya barin magana ta wuce ba. Na ce, "Haba Baba, ku da iri ɗaya kuka sani, ina kuka san wannan? Khalas, shi ke nan, bakanike zan kai wa." Maganar tana fita na so in kamo ta. Ina jiran ya koma shirunsa.

Ashe tsokano shi na yi. Ya gyara zama ya juyo gaba ɗaya. "Ke! Kafin a haife ki muna da sufa muna da rigula a ƙasarmu. Na sha su da baki ta tiyo, har ɗanɗanonsu na sani. Yalla, kamar yadda kuke cewa, kai ni gidan mai."

Tankin dama ya kusa ƙasa. Muka shiga layi, ya sa na zagayo na riƙo hannunsa, muka tsaya a gefen mota cikin ranar nan. Ya laluba ya buɗe murfin tanki, ya ce, "Masu ƙera mota ba sa ɓoye abincinta. Duba cikin murfin, me aka rubuta?"

Wata 'yar takarda ce manne, ƙura ta rufe ta. Na goge da yatsa. Casa'in da biyar zuwa sama. Wata goma sha huɗu ina buɗe wa masu zuba mai murfin nan daga mazaunina, ban taɓa fitowa na leƙa ba.

Don in wanke kunya na ce to a cika da casa'in da takwas. Baba ya ce, "Ji ta kuma! Daga yunwa sai almubazzaranci. Abin da ta nema shi za ki ba ta." Mai zuba man, wani dattijon Ba'indiye, bai ji Hausa ba amma ya gane an ci galaba a kaina, yana ta murmushi.

Baba bai yarda mu wuce gida ba. Ya sa na koma na sake hawa gadar, sau biyu, tafin hannunsa a kan dashbod, kansa a karkace. A na biyun ya ce, "Yawwa. Ta fara yafe miki." Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin hanya sosai, na ce masa esi ne ke hura mini ido.

Sauran wata biyun da ya yi, kullum bayan la'asar shi ke riga ni saka takalmi. Mu zaga ta Al Sabkha gilashi a sauke, yana faɗa mini wace mota ce ta wuce, wacce filoginta ya mutu, wane direba ne ba shi da tarbiyya. 'Yan kasuwarmu suka ji labari, suka riƙa kawo masa motocin da za su tura gida ya saurara. Yana yi musu faɗa, suna cewa, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Bayan ya koma Kano, in na kira, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Me kika ba ta yau?" Shekara biyu muna haka, sannan Allah ya karɓi abinsa lokacin da aka rufe tashi da saukar jirage saboda annoba, ban samu zuwa ba.

Ina kewarsa ƙwarai. Na riƙe motar har na bar Dubai, kuma duk hawan da zan yi kan gadar nan sai na kashe rediyo na kasa kunne. Ban taɓa jin komai ba. Dama can ba ni ce mai jin ba.