Ranar da na sauke bindigar Kawu Nomau

Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, cikin bazarar 1985, aka fara aza mini bindiga ɗurarra a kafaɗa. Mu biyar ne a jere a bayan gari, ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa. Shekarata goma sha uku, cikina babu komai sai anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, wadda Inna ta yi kwanaki tana jiƙawa tana zubar da ruwan, amma ɗacin bai fita duka ba. Kawu Nomau, ƙanin Innata, shi ne mahalbin ƙauyenmu na ƙasar Kurawa. Ya rataye ƙoƙon kan wata saniya a jikin busasshiyar aduwa, ya dawo yana ƙirga taki har talatin, ya ja layi da dunduniya, ya ce, "Labbo, kai ka farawa." Halbi ɗaya ne rabona, kuma na san abin da ke kansa. Wanda ya sami kan saniyar nan shi zai riƙa bin Kawu daji in ruwa ya dawo, kuma gidan wanda ke bin mahalbi ba ya rasa ko cinyar zomo a miya.

Daminar da ta wuce kafin nan ba ta ba mu komai ba. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Babanmu ya buɗe rumbu ya share ƙasansa da tsintsiya, ya tafi cin rani kudu, ya bar Inna da mu huɗu. Aikina kullum shi ne in ɗauki galma in bi mata tonon gidan tururuwa, mu kwashe ɗan hatsin da suka tara, mu sheƙe ƙasar. In an gama in tafi gulbi, inda ake tona yashi har mutum ya ɓace a ciki kafin a ga danshi, a jira ƙwarya ta cika kaɗan-kaɗan. Makarantarmu ta koma rabin aji. Malamai biyu sun tafi, ƙararrawar da ake bugawa, wani tsohon ƙarfen mota, sai ta kwana uku ba a taɓa ta ba. Langa da kokawa duk mun bari, don wanda ya faɗi ba ya son tashi. A aji biyar na tsaya, kuma abin da nake rubutu da shi yanzu ke nan, wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Dajin ma ya mutu. Gada da zomo da zabin daji duk sun ƙaura ko sun ƙare, Kawu ya koma zaman gida da bindigarsa ƙirar maƙera da 'yar gorar albarushin da ya sayo daga wani mutumin Nijar tun ana zaman lafiya da abinci. Maimakon ya zauna yana kallon mu muna hamma, sai ya tara mu. Wata biyu ba mu taɓa bindigar ba. Taɓarya ya ba mu, kowa ya ɗora ta a kafaɗa ya miƙe ta sai hannu ya yi rawa. Daga baya ya fito da bindigar babu komai cikinta, ya aza ɗan tsakuwa a kanta, ka ja numfashi ka riƙe ka saki ba tare da tsakuwan ya faɗi ba. Wanda ya kuskura ya juya bakinta wajen mutum, ko da dariya, sai ya yi mako bai dawo ba. "Bindiga kullum cike take," in ji shi, "ko kai ka zazzage ta da hannunka." Ɗayar maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Kada ka halbi abin da ba ka san mine ne ba." Hedimasta ya zo har zaure ya ce ana ɓata yara, Kawu bai ko ɗago daga shafa wa bindigar mai ba ya ce, "Malam, yaron da ba a koya wa ba shi ka kashe ɗan'uwanshi da ita."

A cikinmu akwai Joɗi, ɗan Fulanin da ke zaune a gefen gonarmu tun kakanni. Shanunsu ne ke cin karanmu bayan girbi, su bar mana taki, innarsa ta aiko wa Inna da nono. Shekarar nan shanun suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka daina fiɗa, sai a ja mushen bayan gari a bar wa ungulu. Shi ya sa kan saniya ya fi ƙwarya araha, shi ya sa Kawu ya zaɓe shi abin auna. Akwai kuma Arzika, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya girme ni da shekara, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Albarushin da ya rage bai wuce ɗuri biyar da ɗan ragowa ba, don haka Kawu ya kafa doka tun da safe. Kowa sau ɗaya. Wanda ya ɗaga ya sauke, layinsa ya wuce, don naman daji ba ya jiran mutum ya sake shawara.

Na ɗaga. Na manna kumatu, na rufe ido ɗaya, na sami tsakiyar goshin nan fari fat, hannuna bai motsa ba ko kaɗan. Na san za ni same shi, har yau na sani. Yatsana na kan kunama sai na ji Joɗi a bayana ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Wule ce." Sai a lokacin na dubi ƙahon. Na hagu ya lanƙwaso ƙasa, an datse tsininsa. Na san saniyar. Ina wurin ranar da baban Joɗi ya datse ƙahon nan don kada ya soke mata ido, Joɗi na riƙe da igiya yana yi mata waƙa. Nononta ne aka ɗura wa ƙanwata lokacin da na Inna ya ƙafe. Joɗi bai roƙe ni ba. Arzika ya ce, "To mi kaka jira? Ƙashi ne fa, ba ta tashi ta tunkuye ka." Na tsaya haka har gumi ya shiga mini ido, sannan na maida bakin bindigar ƙasa yadda aka koya mana, na miƙa wa Kawu.

Kada wani ya zaci Kawu ya rungume ni ya ce na yi daidai. Ya taka har gindin aduwar, ya sauke kan Wule ya miƙa wa Joɗi, ya ɗauko wani kan a ƙasa ya rataye, ya dawo ya ce, "Arzika." Da ɗurina Arzika ya halba, ya fasa kan nan gida biyu, hayaƙi ya turnuƙe, yara suka yi ta tsalle. Shi ya bi Kawu daji shekara bakwai. Da labari ya kai gida Inna ta ajiye maburgi ta dube ni ta ce, "Don ƙashin saniya, Labbo? Ƙannenka za su ci ƙashin?" Ban ga laifinta ba. Kafin mako ya zagayo gari duka na kirana Sauke. Abu ɗaya na lura da shi, daga ranar ni kaɗai Kawu ke miƙa wa bindigar in goge, ko Arzika bai yarda ya bar shi da ita shi kaɗai ba. Su Joɗi kuwa ba su jira damina ba. Suka kora 'yan shanun da suka rage suka yi kudu, ya ɗaura kan Wule a kan jaki tare da ƙorai. Ban sake ganinsa ba.

Yanzu ina Sabon Birni a ɗakin aro, gonar da na gada tana can ban isa in taka ta ba, kuma kalmar ɗan bindiga ta zama abin da ake faɗi a rage murya. Bindigar Kawu ta daɗe da bin hannun masu karɓe makamai, waɗanda suka iya hanyar gidan mahalbi amma ba su iya ta daji ba. Samari na tsokanata a bakin kasuwa, wai irinmu masu saukewa ne suka ja aka raina mu, wasu har su ce wa ya sani ko jikokin Joɗin nawa ne a dajin. Nakan ce musu ban sani ba, su ma ba su sani ba, kuma abin da ba ka sani ba ba ka halbinsa. Masu boko kuma na cewa duk wanda ya nuna wa yaro bindiga ya yi laifi. Ƙarya suke. Mu biyar Kawu ya koya wa, huɗun da na san ƙarshensu babu wanda ya taɓa nuna ta ga mutum. Ɗana na riƙe da taɓarya a kafaɗa duk Juma'a a bayan ɗaki, wanda bai so ya kau da kai. Sunan Sauke kuma ina amsa shi, in aka maida ni gindin aduwar nan yau, da yunwar da komai, za ni sake saukewa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da ke daji da bindigogin da Kawu bai taɓa ganin irinsu ba, wasunsu ba su kai shekaruna na ranar nan ba. An koya musu ɗagawa, ba su sami wanda zai koya musu saukewa ba.