Saƙonnin da na tura da sunan maigidana

Ni ɗan Tunuga ne, mahaifina masunci. Da na gama lise, wato sakandare, sai na shigo Gaya na kama aiki a wani siber, shagon intanet, kusa da tasha. A nan na koyi rubuta program a ordinata, wato kwamfuta, har hannuna ya faɗa.

Wani Alhaji mai fiton kaya daga Kwatano ya ɗauke ni aiki. Na rubuta masa program wanda da zarar mota ta haye gadar iyaka, program ɗin da kansa zai miƙa imel ga sarba, wato babbar na'urar da ke rarraba saƙonni, ita kuma ta kai wa mai kaya. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ya ba ni kalmar sirrin sarbar, ya shiga harkokinsa.

Duk abin da na rubuta, da sunan Alhaji yake fita. Da wasa na fara. Na aika wa wani direbanmu cewa maigida na nemansa maza-maza, ya zo yana haki, na yi ta dariya. Daga nan sai na soma aika wa 'yan kasuwa cewa duwan, wato kwastan, ta ƙara kuɗin fito, su tura ciko ta wata lamba. Lambar tawa ce.

Cikin waɗanda suka tura har da wata gwaggo mai kawo atamfa, wadda ta sayar da saniyarta don kada a riƙe kayanta a iyaka. Da ta gane an cuce ta, ta zo biro, wato ofishinmu, ta ce, "Alhaji, me na yi maka?" Ina zaune, na kasa ɗaga kai. Da magana ta kai ga jandarmomi, suka duba sarbar, ashe tana ajiye sawun kowane saƙo da ordinatar da ya fito. Aka kai ni gidan kaso a Dosso.

Ranar da na fito, gidan gwaggo na fara zuwa, na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Na yafe. Ka ci abinci kuwa?"

Yanzu ina aiki da ƙungiyar manoman shinkafa. Program ɗina ke sanar da masu saye idan an gama casa. Na yi aure, ina cin halalina, ina barci lafiya. Alhamdulillahi.

Ƙannena masu son ordinata, ku koya, sana'a ce mai kyau. Amma bayan kowane adireshi akwai mutum mai iyali. In zuciya ta raya muku ku yi magana da sunan wani, ku kashe na'urar, ku fita ku sha iska.