Ƙarin Girman da Ya Cinye Mana Tikiti

Lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a gida, kowa a Kano yana sayen babur da rediyo, mu muna unguwar Woolwich a Landan, a wani gidan haya na council, wato ƙaramar hukuma, mai ɗigar ruwa. Maigidana yana aikin wanki da guga a wani asibiti, albashi kamar na wasa. Saboda ƙanƙantar albashin ne council ke rage mana haya, yaranmu biyu su ci abincin makaranta kyauta, a ƙara mana ɗan benefit, kuɗin tallafin gwamnati, duk mako. Daga ciki nake tsakurar na adashi, don in sayi tikiti in je in ga Inna. Tun da na zo ƙasar nan ban sa ta a ido ba, ita kuwa ba ta san kamannin jikokinta ba.

Wata Juma'a ya shigo da fara'a.

"Albishirinki!"

"Goro fari!"

An ba shi shugabancin sashensu, da ƙarin albashi. Na rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu, wata Baturiya mai goge-goge a makaranta, ta leƙo. Da ta ji dalili sai ta kama baki, ta ce ya koma ya ce ba ya so. Ita ma an yi mata tayin ƙarin aiki ta ƙi.

Na ce a raina, ji baƙin ciki! A ba mutum girma ya ture? Shi ma ya ce da wane bakin zai faɗa.

Muka yi walima, tuwon semo da miyar kuɓewa, ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a nan suka cika falo. Wani mai komawa gida ya kai labari, Inna ta aiko a ce mini ta sa an yi wa ɗakina farar ƙasa.

Ashe akwai iyakar albashin da in an haura ta ake yanke tallafi, kuma ƙarin ya ɗan haurar da mu. Ragin haya ya tafi, abincin yara ya tafi, benefit ya bi su, haraji ya ƙaru. Mutum yana fita da duhu, yana ɗaukar ɗawainiyar sashe guda, abin da ke shigowa gida bai kai na da ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na fita daga adashi ana saura kaɗan kwasata ta zo, abin da na zuba ya tafi a bashin haya.

Ƙarshe dai ya je da ƙafarsa ya roƙi a mayar da shi kan guga. Ya dawo ya zauna, ko takalmi bai cire ba.

"Ki yi haƙuri, Maman yara."

Na ɗebo ruwa na miƙa masa.

Na ɗauki muryata a kaset na aika wa Inna, na sa yaran suka gaishe ta da gurguwar Hausarsu. Na ce mata badi in Allah ya yarda, na maimaita don ta ji da kyau. Kewarta ta hana ni ƙarasa gaisuwar.

Badi ta zo, ba ta tarar da Inna ba.