Gabas Ya Ce Zai Yi

A ƙauyenmu, can saman duwatsun Ain Draham, mai tsintar naman kaza ba ya faɗin inda yake tsinta. Ko liman ka tare da kwando a hannu, gabas zai nuna maka alhali daga yamma ya fito, kuma ba mai kiran wannan ƙarya.

Yayana Buzid ya fi kowa iya wannan wasa. Da ruwan kaka ya sauka, sai ka gan shi da naman kaza masu baƙar hula da kaurin ƙafa, ƙarƙashinsu fari kamar soso, irin waɗanda 'yan kasuwar garin Tabarka ke rububi. Yakan fita ta gabas a idon kowa, ya bar sawu a laka, sannan ya zagaye.

"Maigida, ko ni ba za a gaya wa ba?" in ji matarsa Gazala.

"Ke da bakinki ya fi rediyo? Gabas zan yi."

Ranar da bai dawo ba, hazo ya rufe dutsen ruf. Ni na ja mutane muka yi gabas, kwana shida muna ƙwala kira. Na san halinsa kamar yunwar cikina, amma sawun na bi. Abin nan yana cina har yau.

Gazala ba ta taɓa shiga daji ba, tsakaninta da duniya sai tanderun gurasa. Amma ran Idi kowa na ziyarar kabarin mamacinsa, ita ba ta da inda za ta tsaya. Da kaka ta zagayo ta ɗauki kwando.

"Matar yaya, da tsufanki za ki fara gasa da aladun daji?" na ce.

"Kai ka nema ka gaji. Ni shekara ashirin ina wanke abin da yake kawowa."

Ashe ta riƙe komai: jar ƙasa a gindin naman kazan, faffaɗan ganyen wani itace da muke kira zan manne a hularsa, da ƙamshin na'ana'ar bakin ruwa a ƙafar wandon mijinta. Inda ukun nan suka haɗu take nema. Ta sha wuya kafin ta iya. Ta taɓa cin mai farar hula da jan ciki, wanda ke komawa shuɗi in an yanka, ta kwana biyu tana amai. Daga baya ita ke tantance wa rabin ƙauye kwandunansu.

Kaka tara tana nema, rannan sai ta dire kwando a ƙofata, cike da masu baƙar hula. Ko sallama ba ta yi ba.

"Tashi ka nemo likkafani," ta ce.

Wani kwari ne a yamma, bayan wata 'yar maɓuɓɓuga. Naman kaza tsaye ko'ina, ba wanda ya taɓa. Ƙasusuwan Buzid na jingine da dutse, wuƙarsa a gefe. Ƙafar da ta karye ya ɗaure ta da sanduna biyu da igiyar kwandonsa. Wato ya zauna ya jira mu. Muna tsaye a wurin aka kira azahar a ƙauye, muka ji ta rangaɗau.

Mun binne shi kusa da mahaifinmu. Gazala ba ta daina shiga daji ba, sai dai kullum takan tsaya a bakin famfo ta ɗaga murya ta faɗi inda za ta. Mutane su gyaɗa kai, su ce tsohuwa ta gaji wayon mijinta, su nufi wani gefen.

Jiya ta riƙe hannun rigata.

"Bayan tsohon barikin masu gadin daji zan yi. In ban dawo ba, can. Ka ji ni?"

"Na ji, matar yaya."

"Rantse."

Na rantse. Tana ɓacewa cikin hazo, na tsinci kaina a sunkuye, ina duba inda sawunta ya nufa.