Dawakin da Na Ɗauka Hoto a Bayan Unguwar Boro

Shagon hoton na maigidana ne, a Kakuri, kusa da ƙofar masaƙa. Ni aikina fasfo ne da wanke fim, sai ranar Lahadi in ɗauki matan zumunta cikin ankonsu bayan an tashi daga coci. Aikin waje shi yake zuwa. To, a ƙarshen wata damina cikin shekarun tamanin ya faɗi da babur ya karye a ƙafa. Yana kwance a gida sai ga wani mutum da a-kori-kura ya tsaya a ƙofar shago. Ya ce shi manajan gonar wani Alhaji ne, can bayan Unguwar Boro, ana son hoton dawaki mai kala, kuma yau-yau, domin za a aika wa masu saye.

Na ce, "Oga ba shi da lafiya. Ku bari sai wani sati mana."

Ya ce, "Ba za su kai wani sati ba, Madam."

Na ɗauka masu sayen yake nufi. Na zari kyamara da fim biyu na shiga mota.

Mun bar kwalta muka bi wata hanyar jar ƙasa mai kwazazzabai. Ban taɓa sanin akwai wuri irin wannan a kusa da mu ba. Ciyawa shar har iyakar gani, an kewaye ta da katako mai farin fenti, ga itatuwan ɗorawa jefi-jefi, ga wani rafi yana ratsawa ta ƙasa. Can nesa harshen wutar matatar mai yana ci da rana tsaka. Sai dai wurin ya yi shiru da yawa. Gona mai girman nan, ban ga ma'aikaci ba sai mutum ɗaya, wani dattijo mai tsagen Barebari, wanda shi ke kula da dawakin. Na gaishe shi, "Sannu, Baba." Ya amsa bai ɗago ba.

Bargar tana da ɗaki goma. Dawaki takwas na ƙirga. Ɗaki biyu na ƙarshe an share su ƙal, an barbaɗa farar hoda a ƙasa, warin magani irin na asibiti yana tashi har yana kama maƙogwaro.

Dawakin kuwa ba irin namu ba ne. Manaja ya ce a jirgin sama aka kawo su daga ƙasar waje, na sukuwa ne, kowanne da takardar asalinsa har kakanni. Dogaye ne, ƙafafu sirara, fata tana sheƙi kamar an shafa mai. Baba yana fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da ragama, ni ina ɗauka. Manaja ne ke zaɓar inda zan tsaya.

"Matsa baya, Madam. Ƙara matsawa. A ga doki gaba ɗayansa, a ga ciyawa."

Na ce hoton doki ai sai da fuska, mai saye zai so ganin ido.

"Abin da Alhaji ya ce ke nan," ya ce.

Da muka gama biyar, na hango wani ɗan tudu a bayan barga, na ce bari in hau in ɗauki gonar duka daga sama. Manaja ya sha gabana da sauri, ya ce wajen akwai macizai. Amma na riga na gani. A gindin tudun an tone ƙasa an mayar, jajir, faɗin ɗaki guda, da sawun tarakta a kai. Ungulaye sun cika ɗorawar da ke kusa, ba sa motsi.

Ta ƙarshe goɗiya ce, baƙa wuluk, da ɗan fari a goshi. Baba ya fito da ita a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, haƙarƙarinta yana sama yana ƙasa kamar wadda ta yi gudu, alhali daga ɗaki ta fito. Na ɗauka daga nesa yadda aka ce. Manaja ya tafi mota ɗauko sigarinsa, sai Baba ya yafito ni.

"'Yata, matso. Ki ɗauki fuskarta. Wannan nawa ne, ba na Alhaji ba."

Na matsa. Saman idon doki akwai ɗan rami, na lura da shi a jikin sauran. Nata ya cike ya kumbura, fatar idon ta yi nauyi, ga wata 'yar kumfa a bakin hanci. Na ɗauki hoton.

"Me ya same ta, Baba?"

"Abin da ya sami biyun can," ya ce, ya nuna tudun da haɓa. "Ƙasar nan ba ta karɓe su ba."

A gida na kwashe duka na faɗa wa maigidana. Ya ce mu hoto aka sa mu, ba duba lafiya ba, kuma mutanen nan ba sa'anninmu ba ne. Fim mai kala ƙetaren kogi, cikin gari, muke kaiwa a wanke. Bayan kwana uku hotunan suka dawo, sun yi kyau har sun ba ni tsoro. Duk wanda ya gani zai rantse lafiyayyu ne. Manaja ya zo ya karɓa. Na fuskar goɗiyar na riga na zare shi na sa a cikin littafin waƙoƙina na coci.

Kwana biyu na kasa cin abincin kirki. Ranar Lahadi na tare wani dattijon cocinmu da ke aiki a ofishin likitocin dabbobi, na nuna masa. Ya cire tabarau ya sake mayarwa, ya tambaye ni hanyar gonar sau biyu. Ya miƙo mini hoton ya wuce da sauri, ko gaisuwar rabuwa ba mu yi ba.

Wajen sati uku bayan haka, da hantsi, Baba ya shigo shago da ƙullin kayansa a kafaɗa. Ya rame. Ya ce likitoci sun zo sun rufe gonar, sun ce cutar tana yaɗuwa tsakanin dawaki, amma duk da haka shida sun mutu, goɗiyar ce ta fara. Ya zo karɓar hotonsa ne, zai koma garinsu.

Na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ba a iya goge kumburin nan?"

Na ce mai kala ba ya gyaruwa. Ya ce to a bar shi, ya naɗe shi cikin hankici ya sa a aljihun gaba.

Har ya kai ƙofa na ce, "Baba, ka ce shida. Sauran biyun fa?"

"An loda su a mota kwana ɗaya kafin likitoci su zo. Wani mai barga babba ya saya, ya ga hoto ya ce sun yi masa."

"Ina aka kai su?"

"Arewa dai motar ta nufa," ya ce, ya fita ya tari bas mai zuwa tasha.

Na yi makonni ina kasa kunne ga rediyo duk lokacin labarai, ban ji an ambaci dawaki ba. Da ƙafar maigidana ta warke na mayar masa da aikin waje, na koma kan fasfo.