Kifin Jirgin Sintiri

Kullum Lali Famau yakan ware kifi guda a goshin kwalekwalensa, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Sauran masuntan ƙauyen Kizingitini ba su lura ba, don su sun daɗe da barin wannan al'ada.

Da can, in jirgin sintirin sojojin ruwa ya gifta, masunci yakan jefa musu kifi, su kuma su ba shi labarin teku: wa suka gani, a ina, injin wa ya mutu. A haka Lali ya girma, ya yi aure, ya binne matarsa Mwanahawa, ya koya wa ɗansa tilo, Shee, yadda ake jifan ya faɗa daidai hannun soja.

Sai aka kawo sabon jirgi, ƙarami, ruwan toka, ba kowa a ciki. An ce daga wani ofis mai nisa ake tuƙa shi, yana gadin ruwa saboda 'yan fashi.

Da iskar kudu ta taso, Shee ya fita kamun kifi bai dawo ba. Aka yi nema har aka gaji. Liman ya ce a yi masa salla ko babu gawa. Lali ya ce a dakata, bai tambayi jirgin ba tukuna.

"Kai tsoho, ƙarfe za ka ciyar?" in ji abokinsa Kombo. "Ba ni kifin mana, ni ai ina da baki."

"Bakin kaɗai gare ka. Shi kuwa ido gare shi, dare da rana yana ruwa."

Kombo ya tura kwalekwalensa ya shiga ruwa.

Wata safiya jirgin ya zo kusa. Lali ya miƙe, ya yi sallama, ya jefa kifin. Kifin ya faɗa a kan jirgin, ya sulale ya koma ruwa.

"Ɗana Shee dogo ne, da jar hula," ya ce da ƙarfi. "Kun gan shi, 'ya'yana?"

Wani idon gilashi da ke saman jirgin ya juyo ya dube shi. Wata naɗaɗɗiyar murya ta ce ya ja da baya. Jirgin ya wuce, igiyar ruwansa tana jijjiga kwalekwalen.

Da ya fito gaɓa ya tarar da liman a ƙofar masallaci.

"Malam, a yi masa sallar bayan la'asar."

Sannan ya zauna a gindin kwakwa, ya ɗinke inda tarunsa ya yage.