Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta a Ikko

Wasiƙar ƙanen mahaifina ta iso mu ne bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya rufe fadamarmu ta ƙasar Maradun. Ba zan iya rantsewa a kan watan ba, amma ina jin bayan girbi ne. An riga an kwashe mutanen ƙauyenmu zuwa sabon matsuguni a kan tudu mai tsakuwa, inda ko rijiya sai an sha wuya kafin a taɓa ruwa. Ni kuma ban daɗe da gama jami'a ba, ina aikin auna filaye a ofishin noman rani a Talata Mafara, ina zuwa gida duk Juma'a.

Shi wannan ƙanen na Baba ya bar gida tun kafin a haife ni. Ya bi ayarin masu tafiya gabas a ƙasa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a wata ƙasa da ke kan hanya, ya tsaya noman auduga, ya yi aure, ya zauna. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba. Ban ce sun yi mana laifi ba, kuma har yanzu ba na son abin da zai jawo magana. A wasiƙar, wadda aka rubuta da ajami, ya ce ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci ba ya iya fita, kuma ba shi da sauran buri sai ya ga yayansa ido da ido.

Baba ya sa na karanta masa sau biyu, ko da yake ya fi ni iya ajami nesa ba kusa ba. Da na gama sai ya ce, "To, kai kay yi boko. Ƙaƙa aka yi mutum shi tahi?"

Na ce zan bincika. Gaskiyar magana ban sani ba. Ban taɓa riƙe fasfo a hannuna ba.

A ofishinmu akwai wani magatakarda, ɗan Bakura, wanda ya taɓa raka wani babba ƙasar waje, saboda haka duk maganar tafiya wurinsa ake kaiwa. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa. Ya ce abin da Baba ke bukata shi ne bizar ziyara, irin wadda ake ba masu yawon buɗe ido, ta kwana talatin. Sai an yi fasfo, an yi hoto, an yi allurar shawara da ta kwalara an karɓi katin. Sai ɗan'uwan ya aiko takardar gayyata mai hatimin hukumar garinsu. Sai an nuna takardar jirgi ta zuwa da dawowa.

"Amma duk wannan wasa ne," in ji shi. "Abu guda suka so su sani, sarkin tsoro. Tsohon nan zai komo ko ba zai komo ba? Ka nuna masu yana da abin da zai komo dominsa. Gona, gida, iyali. In sun tambaya, ka ce kwana ashirin zai yi. Kada ka tsaya kana in-ina irin taka."

Na rubuta duk abin da ya faɗa a bayan littafin awona, na ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshen.

Aikin ya ci mana fiye da shekara. A wurin mai hoto a Mafara aka ce sai Baba ya cire rawani, kunnuwa su fito. Ya daɗe yana kallon mai hoton, sannan ya warware shi a hankali ya ɗora a cinya. Ban taɓa ganin kansa a waje ba, sai na juya ina karanta farashin da ke manne a bango. A kotu aka ce a rantse a kan shekarar haihuwarsa, shi kuwa abin da ya sani kawai shi ne an haife shi da damina, shekarar da fara ta sauka a gero. Na yi kwana uku ina tambayar tsofaffi kafin na yarda na rubuta wata shekara, kuma har yau ina jin na yi kuskure da biyu ko uku.

Wasiƙa kuwa wata biyu take yi a hanya, wani lokaci uku. Takardar gayyata ta farko ta zo ba hatimi. Kafin ta biyu ta iso, allurar kwalara ta wuce wa'adinta, sai da muka koma aka sake yi masa. Da aka sake, aka ce hotunan sun tsufa. Na riƙa ajiye takardun a cikin wata jakar leda, ina fito da su kowace safiya kafin in tafi aiki, ina duba wadda za ta riga mutuwa.

Abin da na fi dogara da shi takarda ce guda. Da aka tashe mu, an ba kowane magidanci shaidar filin da aka yanka masa a sabon wuri. Filin Baba bai kai rabin fadamarmu ba, kuma gero ma da ƙyar yake yi a cikinsa, amma takardar tana da hatimi da sunansa. Ita ce za ta ce yana da abin dawowa.

Da ranar tafiya Ikko ta matso, inda ofishin jakadancin yake, sai Baba ya shiga sallama. Ban hana shi ba, don haka na taso na ga ana yi. Duk wanda zai yi gabas yakan bi gida-gida ya nemi gafara, ya mayar da abin da ya ara, ya raba abin da ya mallaka, don kada ya bar rigima a baya. Ya zaga sabon matsuguni. Ya je Ruwan Gizo wurin wani da suka yi faɗa a kan iyakar gona, gonar da tuni ruwan dam ya rufe. Ya je Bakura wurin ƙanwarsa, Gwaggo, ya kwana biyu. Ita ta ɗinka masa likkafani, ta naɗe shi da ƙanumfari a ciki.

Ranar Juma'ar da na zo haɗa kaya na ce ya ba ni takardar fili. Ya ce ai tana Bakura. Ya ba ɗan Gwaggo filin kyauta, a gaban dagaci da liman, an shafa fatiha.

Na ce, "Baba, ita ce fa shaidarmu."

"Shaidar mi?"

"Shaidar cewa za ka dawo."

"Takarda ta ka maido mutum?" Ya yi dariya. "Kai ɗiyan boko. Yaron nan na da mata biyu da ɗiya bakwai, ba shi da inda za shi kahwa kwashe shi yi noma. In bar hili kwance ina can?"

Washegari na hau babur na tafi Bakura. Na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gida da gajiya da sanyi, na kasa shiga maganar. Da na shiga, na ce aro kawai nake so, na mako biyu. Gwaggo ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Ɗan nan, kyautar da anka yi gaban liman za ka zo ka amsa? Mi mutane za su ce? Su ce yaya ya yi kyauta ya aiko ɗansa ya ƙwace?"

Ta ce in dai na matsa za ta ɗauko. Ban matsa ba. Ko da na karɓa, na ce wa kaina, filin ba nasa ba ne yanzu, nuna takardar zai zama ƙarya. Na samo wasiƙa daga dagaci mai cewa Baba magidanci ne sananne, na saka ta a jakar ledar.

Muka hau mota zuwa Gusau, daga nan jirgin ƙasa. A hanya na yi ta koya masa. Na ce in an tambaye shi kwana nawa zai yi, ya ce ashirin. In an ce zai dawo, ya ce zai dawo. Yana jan carbi yana cewa, "To. Na jiya." Na ɗauka mun gama.

A ofishin muka yi layi tun safe har rana ta take. Jami'in da ya kira mu mutum ne mai furfura a gefen kai, yana zaune bayan gilashi, kuma ya yi mana magana cikin ladabi. Ya yi wa Baba sallama da Larabci, Baba ya amsa da murna, amma Larabcin Baba na karatu ne, bai kai na hira ba. Sai jami'in ya koma Turanci, ya ce in fassara. Ya ce in faɗi abin da tsohon ya faɗa daidai, kada in ƙara, kada in rage. Na ce to.

Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi sana'a, na ce noma. Ya tambayi inda gonar take. Na fassara wa Baba.

"Hwaɗa mai ruwa ya ci babbar. Ƙaramar kuma na ba ɗan ƙanwata."

Na faɗa. Na ƙara da cewa, wato, bisa al'ada ne, ba wai ya rabu da garin ba. Jami'in ya rubuta wani abu. Sannan ya ɗago ya ce in tambaye shi kwana nawa zai yi, kuma yaushe zai dawo.

Na juya na ce, "Baba, kwana nawa za ka yi? Ka tuna abin da muka yi magana."

Baba ya gyara zama. Ya yi magana a natse, kamar yana gaban alƙali.

"Niyyata kwana ashirin. Amma in na iske shi cikin ciwo, ba ni baro shi. Komowa kuwa ta Allah ta. Na yi sallama da kowa, likkahwanina na cikin jaka. In kwana ya ƙare can, ƙasa duk ta Allah ta."

Jami'in yana kallona. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Babu wani Bahaushe a kusa. Abin da ake bukata daga gare ni bai wuce in ce kwana ashirin in yi shiru ba, kuma ba ƙarya ba ce, don Baba ya faɗi hakan. Na sha auna wannan lokacin a raina. Ina jin tsoro ne ya fi yawa, tsoron a gane na rage magana, a kama mu, a rubuta sunana a wani littafi, labari ya kai ofishinmu. Wataƙila kuma akwai wani abu da nake kira gaskiya. Ban san wanne ya rinjaya ba.

Na ce kwana ashirin yake nufi. Sai na ji bakina ya ci gaba. Na ce amma ya ce in ɗan'uwan na cikin ciwo, mai yiwuwa ya ɗan ƙara. Na ce ya ce dawowa a hannun Allah take, wanda haka mutanenmu ke magana, ba lallai yana nufin wani abu ba. Jami'in ya ce ya ji tsohon ya yi magana mai tsawo, mene ne sauran? Na faɗi na likkafanin.

Ya ajiye alƙalami. Ya ce ya gane, shi ma kakansa haka yake magana. Amma wannan biza ta mai zuwa ya dawo ce, kuma ga mutum ba gona, ya sallami kowa, ya ɗauko likkafani. Ya ce ba shi da inda zai rubuta cewa ya gamsu. Ya ce mu sake nema bayan wata shida, in hali ya canja. Ya turo fasfon ta ƙarƙashin gilashi, ya yi wa Baba addu'a da Larabci. Baba ya ce amin, yana murmushi, don bai san abin da ya faru ba tukuna.

A bakin titi na gaya masa. Ya tambaye ni me na ce wa mutumin. Na ce abin da ya faɗa na faɗa.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, ba ka yi ƙarya ba." Bai sake tayar da maganar ba har muka iso gida. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Komawa gida ta fi komai nauyi. Mutumin da ya nemi gafarar gari duka ya dawo bayan kwana tara, ba fili, ba labarin ɗan'uwa. Abokan wasansa suka riƙa ce masa, "Alhajin Ikko, ina tsaraba?" Yana dariya tare da su. Magatakardan ofishinmu da ya ji yadda aka yi sai ya kama kai ya ce, "Kai da digirinka! Wa ya aike ka?" 

Na sake fara tara takardu. Na rubuta a aiko sabuwar gayyata, na kai Baba aka sake allura. Amma ban san abin da zan nuna a matsayin canjin hali ba, kuma na san in an sake tambayarsa abin da ya faɗa zai sake faɗa. Ina cikin wannan, wata na biyar, amsa ta zo daga babban ɗan ƙanen nasa. Ƙanen Baba ya rasu tun kafin wasiƙata ta isa.

Aka yi zaman makoki kwana uku a ƙarƙashin rumfar zana. Yawancin masu zuwa ba su san mamacin ba, sai sun zauna su tambayi na kusa da su a hankali wa ya rasu. Bayan an watse Baba ya kira ni ya ce in ɗauko takarda, za a yi wa 'ya'yan ta'aziyya. Ya faɗi gaisuwa da addu'o'i, ina rubutawa. Sannan ya ƙara da cewa:

"Rubuta masu na taso. Ka ce na zo har Ikko."

Na ce, "Baba, Ikko kudu take. In an duba taswira, ta fi nan nisa da su."

"Su ba su sani ba," in ji shi. "Rubuta dai."

Na rubuta.